Sunan Wa Za A Sa Wa Filin

Ranar da kwamitinmu ya zauna don raɗa wa sabon filin ƙwallon Kwalejin Harlan Creek suna, Koci Dwayne Pruitt ya faɗo mana babu gayyata. Ya sha turare, sai jujjuya hannu yake don a ga zoben da ke yatsarsa, wanda aka ba shi shekarar da ya ci kofi.

Mu biyar ne, a ɗakin baya na gidan gasasshen naman Madam Corinne Tatum, wadda ita ce shugabar kwamitin.

Duk mutumin garin nan ya san yadda aka yi. Lokacin da ƙungiyar ƙwallon kwalejin, irin ƙwallon nan da ake jefawa da hannu a ruga da ita, ta mutu murus, ko kare ba ya zuwa kallo, Koci Orville Haskins ne ya karɓe ta. Ya yi shekaru yana bin ƙauyukan Alabama da tsohuwar motarsa, yana zama a falon iyaye mata ana ba shi wake da burodin masara, har ya tara yara. Ina cikin na farko, mu ne muka sha kashi. Da na bayanmu suka fara ƙosawa sai aka ce Haskins ya tsufa, aka sallame shi, aka kawo Pruitt. Ya tarar da girki ya nuna, ya zauna ya ci. Shekararsa ta farko aka ɗauki kofi. Da yaran Haskins suka gama karatu kuwa, ba mu sake jin ƙanshin kofi ba har Pruitt ya yi ritaya.

"Kango na tarar," in ji Pruitt, ya ja kujera. "Ni na mai da shi gida."

Na ce, "Koci, a cikin waɗanda suka ci kofin nan, wa ka ɗauko da hannunka?"

"Lamar, har yanzu taya kake sayarwa? Bar zancen ƙwallo ga masu shi." Ya yi dariya shi kaɗai. "Ɗauko yaro ai ko direban bas zai iya. Gina shi ne aiki. Dubi Terrell Boykin, mai jefa mini ƙwallo. Ya zo ko riƙe ta bai iya ba. Yaron nan ɗana ne, har gobe ba ya yin komai sai ya kira ni."

Sai ya miƙa wa ƙaton ɗan kwamitin da ke gefensa kofin shayi, ko kallonsa bai yi ba. "Ɗan'uwa, ƙaro mini shayi, da ƙanƙara sosai."

Mutumin ya karɓi kofin ya ajiye a hankali. Ya yi teɓa, kansa ya yi sanƙo, yanzu fasto ne a cocin bakin gada.

"Koci," ya ce, "ni ne Terrell."

Madam Tatum ta ƙware da shayinta. Pruitt kuwa ko gezau. Ya tashi ya rungume shi yana bubbuga bayansa. "Ai na gane ka, ja'iri! Gwada ka nake!"

"Rabon da mu yi magana tun ranar da muka ɗauki kofi," in ji Terrell. "Jifa kuwa Koci Haskins ne ya koya mini, a bayan gidan kakata."

Na ɗauka magana ta ƙare. Da Pruitt ya fita aka kaɗa ƙuri'a, uku suka ba shi, ni da Terrell muka ba Haskins.

"Kada ka harare ni, Lamar," in ji Madam Tatum. "Mutane hoton mai riƙe da kofi suka sani. Haskins ma za mu yi masa wani abu."

Suka sa sunan Haskins a wurin ajiye motoci.

Ranar buɗe filin Pruitt ya riƙe lasifika har 'yan badujala suka gaji suka zauna a ciyawa. Haskins ya zo da sandarsa, ya sayi tikitinsa da kansa, ya zauna tsakanina da Terrell. Bai kalli allon sunan ba. Masu tsaron baya yake kallo, yana yi musu tsawa su durƙusa da kyau, har muryarsa ta dishe. An lallasa mu ranar.