Inda Sanyi Yake Bi

Mai Kifi bai iya karanta zanen gini ba, amma ya iya gane wurin da babu komai. Zanen katafaren rumbun sanyin da zai gina ne a shimfiɗe kan teburinsa, aikin babbar 'yarsa injiniya, kuma kusan rabinsa fili ne fetal.

"Nan me za a ajiye?"

"Ba komai, Baba. Hanya ce."

"Jikin bangon nan fa?"

"Nan ma wurin iska ne."

"Wato in sayi bulo da inji, in riƙa biyan wuta, don iska ta ji daɗi? Da wannan aka tura ki makaranta?"

Ba tsadar kaɗai ke cinsa ba. In aka bi girman nan, sai an rushe tsohon ɗakin sanyin da ke ƙarshen filin, inda ya fara sana'a shi da marigayiya matarsa, uwar injiniyar. In aka matse hanyoyin kuwa, ɗakin ya tsira. Bai faɗa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta dai ce ya zo su leƙa ɗakin.

Mai Kifi gwanin shirya kaya ne, yana kuma alfahari da hakan. Suka tarar da ɗakin kwalin kifi kan kwali har rufi, bango zuwa bango, ko allura ba ta samun wuri. 'Yar ta zare zare daga bakin mayafinta ta ɗaga a gaban fankar injin sanyi, ya yi ta rawa. Ta miƙa masa.

"Bi shi ka gani."

Ya karɓa yana gunaguni, amma son sani ya fi ƙarfinsa. Ya taka kaɗan, zaren ya rage rawa. Ya janye kwali ɗaya ya cusa hannu ciki, zaren ya langaɓe. Ya koma gaban fanka, ya dawo, ya sake komawa, ya manta da girmansa sarai.

"Kwalayen tsakiya yaya suke fitowa, Baba?"

Ya dubi kwalayen. Su ne kullum ke laushi, su yake karyarwa da arha. A kansu ya yi ta zagin inji, yana canza masu gyara kamar riga. Ya danna kifin wani kwalin tsakiya da yatsa, ya lotsa.

"Ashe sanyi tafiya yake yi," ya ce a hankali. "Uwarki takan bar tazarar hannu tsakanin layi da layi. Nakan bi bayanta in cike, ina ce mata mai ɓarnar wuri."

Kewarta ta taso masa. Ya daɗe yana kallon ƙofar da marigayiyar ta sha turawa da kafaɗa.

"Bar hanyoyinki yadda suke, a rushe ɗakin. Amma ƙofar nan ni zan cire ta da hannuna."