Layar da ta tare katin Tsuneo

Tsuneo mai awara ya yi wa ’yan unguwarsu alkawarin kiɗan rawar bikin bazara na ranar Lahadi. Marigayi yayansa ne ya haɗa kiɗan, ya bar shi a faifai, kuma ba abin da ke karanta faifan sai irin tsohuwar kwamfutar da Tsuneo ya saya shekara talatin da shida da suka wuce. Sai dai ƙwaƙwalwar kwamfutarsa ba ta kai ta kwamfutar yayan ba. Da kiɗa ya kai rabi, sai ta tsaya cak.

Ranar Juma’a ya hau jirgin ƙasa zuwa Nipponbashi, unguwar masu sayar da kayan lantarki, ya dawo da katin ƙarin ƙwaƙwalwa naɗe a jarida. Bayan abincin rana ya zauna a tabarma, ya kwance murfin ramin da ke bayan kwamfutar, ya zura katin. Ya tafi sumul, saura faɗin yatsa ɗaya, ya ƙi gaba.

Genzo mai aski, abokinsa tun firamare, yana gefe yana fifita.

“Hura masa iska,” in ji Genzo.

Ya hura. Bai shiga ba.

“To kife shi. Ko kuwa bogi suka sayar maka, sun ga ɗan ƙauye.”

“Kai da ka kasa kunna wayarka, yi mini shiru.”

Tsuneo ya tashi ya ɗauko gudumar katako. A ƙofa ya ci karo da matarsa Kikue, riƙe da shayin sha’ir mai sanyi.

“Baban Emi, wa za ka daka?”

“Wancan katin. Yau sai ya shiga.”

Kikue ta dubi ramin, ta ajiye tire a hankali.

“Akwai abu a ciki,” ta ce. “Laya ce. Shekarar da ka sayo kwamfutar nan an yi ta tsawa, na ga kuɗin da ka zuba, na karɓo mata layar tsari daga wurin ibada. Da wuƙar kicin na kwance murfin.”

“Shekara talatin da shida ba ki faɗa ba?”

“Ka taɓa tambaya?”

Genzo ya yi dariya har maficinsa ya faɗi. Tsuneo ya ɗauko tsinken cin abinci, ya lalubo, ya zaro ’yar jaka ja, ta yi lebur, ƙura ta rufe ta. Ya taɓa ƙarfen famfo don kada lantarkin jikinsa ya ƙona katin, sannan ya mayar da shi ramin, ya sa manyan yatsu biyu ya danna. Ƙas, ya zauna.

Ya kunna. Lambobi suka yi ta hawa a allo har suka wuce inda suka saba tsayawa. Ya sa faifai. Kiɗa ya kai rabi, ya zarce, ga wata sarewa da tun rasuwar yayansa bai ƙara ji ba. Suka saurara har ya ƙare.

“Aikin kati ne wannan,” in ji Tsuneo. “Ba na laya ba.”

Kikue ta miƙa hannu. “To ba ni. Shekara ɗaya ake riƙe laya a mayar wurin ibada a ƙona. Wannan ta sha aiki, bari in kai ta gobe.”

Tsuneo ya juya layar a tafinsa. Ya yanko salatif, ya manna ta a gefen kwamfutar.

“Sai bayan Lahadi,” ya ce.