Katangar Garba Mai Sawund

"Ba haka ba," in ji Hajja Hadizatu. "Ku juya su. Bakinsu shi dubi katanga."

Osman, mai kayan sautin da aka ɗauko daga Sinnar, ya share gumi ya dube ta. Akwatunan sifika huɗu ne, waɗanda ake kira samma'a, ya sauke daga mota, baƙaƙe, kowanne ya kai ƙirjin namiji, irin waɗanda ke fitar da kaurin sautin jitar bes. Ya riga ya jera su suna kallon rumfar biki.

"Ya Hajja, mutane can za su zamna. In na juya samma'a ga katanga, maƙwabta ne za su sha."

"Na sani."

"An ce mani akwai marar lahiya bayanta."

"Kai likita aka ɗauko, ko mai sawund?"

Osman ya sa kafaɗa ya juya akwatunan ɗaya bayan ɗaya, har suka tsaya daf da katangar ƙasar da ta raba gidan Hajja da na Garba.

Duk garin Mai Wurno an san Garba mai sawund. A ƙuruciya jitar bes yake kaɗawa a bukukuwa, daga baya ya koma ƙera akwatunan sifika da hannunsa, yana haɗa su da na'urar da ke ba su ƙarfi, wadda 'yan sana'ar ke kira bawar. Duk kuma an san abin da ya shiga tsakaninsa da Hajja, don ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Ranar da mijinta Hamid ya rasu, ranar ce bikin Tariq, ɗan Garba. A garin nan in mutuwa ta faɗo unguwa, kiɗa ya mutu tare da ita. Ko an kafa rumfa, sai a ci abinci shiru a watse. Gawar Hamid tana ɗaki ana jiran ƙanensa daga Hasahisa, sai ƙasa ta fara rawa da kiɗan gidan Garba. Yayanta Jibirin ya zagaya ya roƙi Garba. Garba ya ce, "Baƙi sun taho tun daga Madani, Jibirin. Mamaci bai ji." Hajja kuwa tana zaune a gefen gadon, ƙasar rufi na zubowa a kan likkafani da kowane bugu, tana kakkaɓewa da bakin mayafinta. Ta kakkaɓe, ta sake zuba. Ba kuka ta yi ba ranar, aikin kakkaɓa ta yi.

Bayan an ɗauke zaman makoki ta sa aka kwaɓa ƙasa aka toshe nafaj, 'yar ƙofar nan ta cikin katanga da maƙwabta ke miƙa wa juna wuta da miya. Umair, autanta, yana makaranta a lokacin. Yau shi ne ango. Garba kuma yana kwance, ƙoda ta gama da shi, likitocin Sinnar sun ce a mai da shi gida. Kunnensa ma ya daɗe da tafiya, shekarun tsayuwa gaban sifika sun cinye shi. Shi ya sa Hajja ba ta damu da mawaƙi ko mai ogan ba. Da ta aika Sinnar, tambaya ɗaya ta yi: wa ke da akwatunan da ake ji a ƙashi?

Jibirin ya same ta a bakin madafa, mata na tuƙin tuwon asida a bayanta.

"Hadizatu, ki ji tsoron Allah. Mutumen ga yau ko gobe ne."

"Shi ya ji tsoronai ran nan?"

"Wanga ya wuce."

"Gare ku ya wuce, Yaya. Ku kuna waje kuna karɓar gaisuwa. Ni ce ciki da ƙasa."

Ta gyara tob ɗinta, lulluɓin da ta yafa, ta bar shi tsaye. Ta san abin da take yi bai da kyau, kuma ba ta neman ya yi kyau. So take Garba ya kwanta a gadonsa, ƙasa na girgiza shi, ba shi da bakin cewa a bari.

Bayan la'asar aka tayar da janareta, don yanzu ba mai kai biki dare. Mata suka cika rumfa, ƙamshin turaren wuta ya gauraye da na gasasshen nama. Yahya, mai jitar bes, wani siriri mai dogayen yatsu, ya taɓa igiya mafi kauri, sai kofunan shayi suka yi ƙara a faranti. Hajja ta sa aka kai mata kujera kusa da katanga. Ta ɗora tafin hannu a jikin ƙasar, ta ji tana motsi, amma ba kamar yadda ta tuna ba. Na Garba a waccan ranar har cikin haƙora yake shiga.

"Ƙara," ta ce da Osman.

"Na ƙara, ya Hajja."

"Ban ji ba."

Ana cikin waƙa ta biyu ta hango Nawal, 'yar Garba, tana kutsowa ta ƙofar waje. Dole ta zagayo ta titi, tunda nafaj a toshe take. Idanunta sun kumbura, tob ɗinta na zaman gida ne. Zuciyar Hajja ta buga da daɗi. Shekara da shekaru tana ajiye da amsarta, ta gwada ta a gaban murhu, ta gwada ta a kan sallaya, Allah ya yafe mata. Yarinyar za ta ce a rage, ita kuma za ta ce baƙi sun taho tun daga Madani.

Nawal ta durƙusa ta kai baki kusa da kunnenta.

"Halti," ta ce, wato inna, "Baba ya aiko ni."

"Ina jin ki."

"Ya ce a gaya wa mai sawund, akwatunan da ke gefen ɗakinai an juya masu waya. Biyu na turawa, biyu na ja, suna cinye juna. A mai da ja ga ja, baƙi ga baƙi."

Hajja ta zuba mata ido. "Mi kika ce?"

"Hannunai na bisa katanga tun da aka fara. Ya ce da hannu ya ji." Nawal ta share hanci. "Kuma ya ce bawar guda ce ke jan akwati huɗu, nauyi ya yi mata yawa. In jar fitila ta kama ta tsaya, kada a wuce nan, za ta ƙone."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Shi ke nan."

Ba roƙo, ba neman gafara, ko sunan Hamid babu. Mutum yana bakin kabari, amma abin da ya dame shi waya ce. Wato har yau bai san ya yi mata komai ba, ko kuwa ya sani, yana nuna mata ko muguntar ma ba ta iya ba sai ya koya mata.

"Osman!" Ta yafito shi. "Ka ji abin da anka ce. Gyara."

Osman ya leƙa bayan akwatunan, ya yi tsaki, ya ce wallahi gaskiya ne, garin juyawa ne ya rikita su. Ya sauya wayoyin tsakanin waƙa da waƙa. Da Yahya ya sake taɓa igiya, mata suka yi guɗa ba shiri. Sautin ya taso daga ƙasa, ya bi ƙafafun kujera, ya zauna a ciki. Tantabarun gidan suka tashi gaba ɗaya. Nawal ta koma da gudu.

Yanzu ne, in ji Hajja a ranta. Ka sha, Garba.

Aka fito da ango. Umair cikin farar jallabiya, abokai na ɗaga hannu suna kaɗa yatsu a kansa, yana neman uwarsa da ido. Ta ɗaga masa hannu, amma hankalinta na jikin katanga. Yaɓen da aka toshe nafaj da shi ba na magini ba ne, cikin fushi aka yi shi, bai taɓa kama tsohuwar ƙasar sosai ba. Ta ga tsaga ta bi gefensa. Ta ga ɓarɓashi na zuba. Sai wani dunƙule ya faɗo kusa da ƙafarta, ya bar rami kamar girman faranti.

Ta sunkuya ta leƙa.

An fito da gadon Garba tsakar gida, an manna shi da katanga. Ya rame har ba ta gane shi ba sai ta goshi. Hannunsa ya zame daga jikin ƙasar, yana lilo a gefen gado. Nawal na tsaye a kansa tana ɗaure masa haɓa da ƙyalle, matarsa ta kifa kai a ƙafafunsa, bakinta a buɗe, amma ba a jin komai sai bes. Ƙasa na zubowa daga kan katanga a fuskarsa da kowane bugu. Nawal ta kama bakin tob ɗinta ta kakkaɓe. Ta sake zuba.

Hajja ta miƙe. Duk rumfar ba wanda ya san Garba ya cika sai ita. Abin da ta roƙa ne, har ya fi yadda ta roƙa, Allah ya ajiye mata shi a hannu cif. Ta jira daɗin ya zo. Bai zo ba, sai ta ce ƙarar ce ba ta isa ba.

"Mamaci bai ji," ta ce, da ƙarfi, ba wanda ya ji ta.

Ta ratsa mata ta nufi teburin Osman. Jar fitilar bawar tana kamawa tana saki. Osman ya ga fuskarta ya matsa. Ta kama maɓallin da ta ga yana murɗawa, ta murɗa shi har ƙarshe, da dukan ƙarfin hannunta.

Fitilar ta tsaya ja. Akwatunan suka yi wani gurnani mai muni sau ɗaya, wari kamar na ƙonannen gashi ya tashi, sai ɗif.

A cikin shirun nan ne kukan ya tsallako katanga.

Mutane suka juya. Abin da suka gani shi ne Hajja Hadizatu tsaye, hannunta a kan na'ura, kiɗa ya mutu. Wata tsohuwa ta fara salati. Jibirin ya iso, ya dafa kanta. "Allah shi yi maki albarka, ƙanwata. Na yi maki mugun zato." Osman kaɗai ya dube ta, ya dubi siririn hayaƙin da ke fita ta bayan bawar, ya sunkuya ya zare waya.

Ta buɗe baki za ta ce ba haka ba ne. Maganar ba ta fito ba. Haushi ne ya cika ta, haushin Garba wanda ko a mace sai da ya ƙwace mata ranarta, da wata kunya da ba ta da wanda za ta nuna wa.

Kafin magariba maza sun kai Garba makwancinsa. Rumfar biki ta zama ta makoki, kamar yadda aka saba, abincin ango ya koma na masu gaisuwa. Umair da kansa ya ɗauko gatari ya ƙarasa fasa nafaj, don zagayawa ta titi da faranti wahala ce. Nawal ce ta fara shigowa ta nan. Ta rungume Hajja, ta sumbaci goshinta.

"Kin fi mu, Halti. Mu ba mu yi maki haka ba."

Idon Hajja na kan bakin tob ɗin yarinyar, inda jar ƙasa ta ɓata shi.

Motar Osman ba za ta zo ba sai gobe, saboda haka akwatunan suka ci gaba da tsayuwa a inda suke, bakinsu a katanga. Wata mata ta rasa wurin ajiye faranti, ta ɗora a kan ɗaya. Hajja ta koma kujerarta ta zauna tana kallon farantin. Kofuna ne cike da shayi har baki, ko ɗaya bai motsa ba.