Finjalin da Ya Dawo Cike

"Shekara talatin ina zuba gahawa a zauren nan, ban taɓa ganin finjalin Ma'ali ya dawo cike ba."

Abu Sayel ne ya faɗa, tsohon da ke zuba wa maza gahawa a zauren danginmu a garin Karak. Da gwaggona Nawal yake magana a ƙofar kicin, bai san ina tsugune bayan firji ina tsince shinkafa ba.

Ma'ali kakana ne, mu jikoki Jiddo muke ce masa. Wata goma sha ɗaya ya yi yana ministan ruwa, sau biyu ya je majalisa, duk tun ban iya tafiya ba. Har yau ko mai facin taya ba ya kama sunansa, sai dai Ma'ali, mai girma.

A wurinmu in babba ya zo da buƙata, ajiye finjali yake a gabansa, ba zai kurɓa ba sai an ce, "Sha gahawarka, abin da ka zo nema ka samu." Jiddo ya ajiye wa mutane finjali ya fi sau ɗari, neman aure, sulhun hatsarin mota, rigimar iyakar gona. Ranar nan ce ya fara ajiyewa don kansa. Dangi sun taru su tsayar da mutum ɗaya a zaɓe, shi kuma yana son komawa majalisa.

"Ba wanda ya ce ya sha?" in ji Gwaggo.

"Wanda ya kamata ya ce ɗin, tabarma yake ta kallo."

Ni ke wanke finjalan. Wannan kam na kasa. Na tura shi bayan kwalbar zaitun, yana nan har ya bushe.

Tunda na gama sakandare aikina ke nan: kullum da hantsi in zauna da kwamfuta, Jiddo yana faɗa ina bugawa. Wasiƙa zuwa ga ministan kaza, a taimaka wa ɗan wance da aiki. Amsa ba ta zuwa. In ya buga waya, sakatare ya ce ana taro. Sai ya kife wayar a cinya, ya ce, "Yara ne, ba su san ni ba."

"Yaba, ka huta mana," Gwaggo ta ce wa mahaifin nata washegarin taron tana jan bokiti. "Ruwan da ka yi ministansa ma sau ɗaya a sati yake zuwa."

"Da ban yi ba, da sau ɗaya a wata za ki gan shi, marar kunya."

Ta yi dariya, shi ma ya ɗan yi, sai tari ya kama shi.

Abin da na sani ban faɗa wa kowa ba. Babana ne shugaban kwamitin dangi tun bara, shi ke amsa baƙi a zaure. Kuma na ga wani babban hoto irin na 'yan takara a nannaɗe a but ɗin motarsa, shi ne da sabuwar kwat, hannu a ƙirji, an bar fili a ƙasa inda za a rubuta suna.

Ran Juma'a aka yi mansaf, shinkafa da naman rago. Su biyu a faranti ɗaya, Baba yana ta tura wa Jiddo nama mai taushi gefensa, Jiddo yana turo masa abinsa. Haka har aka ɗauke farantin.

Asabar na kai masa gahawa, na buɗe kwamfuta. Ya daɗe yana gyara jan rawaninsa.

"Rubuta, Ruwaida. Zuwa ga 'yan'uwana da 'ya'yana. Bayan gaisuwa..."

Na buga. Na jira.

"Bayan gaisuwa," ya sake cewa, ya tsaya nan.

Ban san ko janyewa zai yi ko tsayawa shi kaɗai ba. Ina jin shi ma bai sani ba. Gahawar na gefensa tana hucewa, bai taɓa ta ba. Na ɗauke hannuna daga kan kwamfutar.

"Jiddo," na ce, "ranar nan a zaure, Baba ne ya ƙi cewa ka sha?"