Darasin Ƙura Ido

Ni fa ban iya Ingilishi ba, kuma ba na ƙaryar na iya. Lakwal ɗina, wato makarantar boko, a firamare ta tsaya, ɗan Faransancin da aka ɗura mani ma rabinsa ya zube a hanya. Amma akwai kalma guda da na haddace ko ban so ba, don maigidana ya yi ta nanata ta a tsakar gida har kajina suka kusa iyawa: sikurutinaiz. Ji fa! Kamar an zuba tsakuwa a kwanon sha.

Sunana Kulu. Kifi nake soyawa, karfasa da tarwaɗa na tabkinmu na Madarumfa, in kai bakin kwaleji in sayar wa yara idan an tashe su shan iska. Maigidana, Mushe Abdurrahman, yadda ake kiran malaman lakwal a nan da Faransanci, shi ke koyar da Ingilishi a kwalejin. Malamin kwantaragi ne, ba a ɗauke shi na dindindin ba. Duk ranar da aka ga dama a ce mashi ya huta, to sai ya huta, mu da ƴaƴa huɗu mu ci abin da kasko ya ba mu.

Na ce mashi, "Malam, wai mene ne wannan sikuru ɗin da ka hana mu sakat da shi?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba kallo ba ne kawai, Kulu. Ki ƙura wa abu ido, ki bi shi ciki da waje, kada komai ya wuce ki. Yadda kike yi wa kifi da safe a bakin tabki, ki juya shi, ki duba idonsa, ki latsa cikinsa. In za ki sa ta a jimla, dole ki faɗi abin da ake dubawar. Mai awo yana yi wa wake haka kafin ya saya. Ƴan duwan, wato kwastan, suna yi wa kaya haka a bakin iyaka. Ba a yin ta a guje, kuma ba a yin ta daga nesa."

Na ce, "To, Allah Ya ba da sa'a." Amma gabana faɗuwa yake, don wannan darasin shi zai yi a gaban konseye, mai zagayawa duba aikin malamai, wadda za ta zo daga Maraɗi. Abin da ta rubuta a kansa shi za a duba a ce ya ci gaba ko ya sauka. Shi kuwa Malam idonsa ya fara tafiya, kuma ɓoyewa yake yi.

Ni na san abin da na gani. Na ga ya tsiyaya shayi a gefen kofi. Na ga ya wuce ƙanensa Salisu a kasuwa ko sallama babu, har Salisu ya yi fushi. Ya ajiye babur ya ce wai tafiyar ƙasa ta fi lafiya. In zai karanta takarda sai ya kai ta har bakin hanci. Na yi magana har na gaji. "Malam, mu je Maraɗi wurin likitan ido mana!" Sai ya ce in bari a wuce jarrabawa. Wai in aka ji a lakwal, wa zai sabunta kwantaragin malamin da ba ya ganin rubutun yara? Taurin kai irin na Malam, wallahi sai dai haƙuri.

A aji ya samo dabararsa. Kowane yaro ya san shi da muryarsa da wurin zamansa. In ya ba su aiki sai ya sa su tashi su karanta da baki, wai don harshensu ya faɗa. Abin da nake tsoro shi ne aikin allo. Duk wanda ya taɓa shiga lakwal ya san shi: mushe ya buga sanda a tebur, kowa ya duƙa ya rubuta a ɗan allonsa, ya sake bugawa, kowa ya ɗaga sama, ko ya gama ko bai gama ba, mushe ya bi da ido daga gaba ya gyara. Ni ma na sha bulala a kan jinkirin ɗagawa.

Na ce, "In matar nan ta ce sai an yi na allo fa?"

Ya ci gaba da tauna tuwo. Can ya ce, "Miyar nan beri gud." Abin da yake cewa ke nan in abu ya yi mashi kyau, ko kuma in yana so in rufe bakina.

Ana gobe za ta zo, ƴan ajinsa suka kewaye tiren kifina. Na jawo Samira gefe, wata doguwar yarinya mai hankali da ke zama a layin ƙarshe saboda tsawonta. Na ce, "Ƴar nan, gobe in an ce ku yi rubutu a allo, ki gaya wa ƴan'uwanki kowa ya yi manya-manyan baƙaƙe. Manya sosai." Na riga na shirya ƙaryar da zan yi in ta tambaye ni dalili.

Ba ta tambaya ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ai mun sani. Mun daɗe da sani. Shi ya sa in ya ajiye alli ya rasa, muke tura mashi kusa da hannu."

Na cika mata hannu da kifi na ce ta tafi kafin in yi abin kunya a gaban yara.

Ranar ta zo da zafin bazara tun da hantsi. Na kafa tirena, amma ina! Ko canji na kasa bayarwa daidai. Na ce wa Ummulkhairi mai awara ta kula mani, na zaga bayan ajin. Ajin Malam na zana ne da kara, irin wanda ake kafawa in ɗakunan siminti sun yi kaɗan. Na samu wata ƴar ɓula a zanar daga gefen babban allo, na manna idona. Matar aure da ƴaƴa huɗu tana leƙe kamar ɓarauniyar akuya! Wanda zai yi dariya ya yi.

Ajin cike yake maƙil, yara sun matsu, babu ko hanyar da mutum zai ratsa zuwa baya. Konseyen, Madam Mardiyya, wata gajeriyar mata ce mai tabarau, ta samu kujera a bakin ƙofa tana rubutu ba ta ɗago ba. Malam ya sa farar rigarsa da na goge mashi. Ya rubuta kalmar nan a babban allo. Ya faɗa, suka maimaita. Ya ba su misalin mai awo da na ƴan duwan. Sannan ya ce kowa ya kawo tasa jimlar, ya faɗe ta da Ingilishi, ya maimaita da Hausa don a tabbata ya gane.

Wani yaro Al'amin ya tashi ya ce, "Innata tana ƙura wa shinkafa ido don ta tsince tsakuwa." Wata ta ce masunci yana yi wa tarunsa haka yana neman inda ya yage. Wata kuma ta ce kakarta tana yi wa duk saurayin da ya zo zance gidansu haka, tun daga hula har takalmi. Ajin ya kwashe da dariya, har Madam ta murmusa. Na ce a raina alhamdu lillahi, Allah Ka sa a tashi a haka.

Sai ga ta ta rufe littafinta ta miƙe. Ta zo gaba ta tsaya kusa da shi ta yi magana da Faransanci. Ban kama duka ba, amma na ji ta ambaci allo, na ga ta nuna sandar da ke kan tebur. Ta ce ya ji bakinsu, yanzu tana so ta ga yadda yake gyara rubutu daga inda yake tsaye. Gumi ya tsattsafo mani har tafin ƙafa.

Malam ya ɗauki sandar. Ya buga.

Yara suka duƙa. Ba ka jin komai sai ƙarar alli. Allah Ya yi wa yaran nan albarka, sun ji magana. Ina hango su suna zana baƙaƙe ƙato-ƙato. To amma kalmar doguwa ce, allon kuma ɗan tafin hannu biyu. Na hango Samira can baya. Ta fara da girma fiye da kowa, don ta san ita ta fi nisa da shi. Kafin ta kai rabin kalmar allo ya ƙare. Ta dube shi, ta kama bakin hijabinta ta goge tas don ta sake. Ta ɗora alli ke nan, Malam ya buga ta biyu.

Allo ya tashi sama ko'ina. Hannun Samira ma ya tashi da kansa, yadda aka hore shi tun tana ƴar aji ɗaya. Allonta baƙi ƙirin, babu ko ɗigo.

Malam ya fara da na gaba. Ya ɗan sunkuya ya karanta na Al'amin, har ya nuna mashi harafin da ya tsallake. Ya karanta na kusa da shi. Na fara sakin numfashi. Sai Madam ta ɗaga bik ɗin da take rubutu da shi ta nuna can ƙarshe, ta ce wancan na doguwar yarinyar fa?

Ya ɗaga kai. Ya ƙanƙance ido, ya miƙa wuya. Ni da ke bayan zana ina ganin allon sarai. Na buɗe baki zan yi ihu, zan yi tari, zan yi komai ma, sai na tuna leƙe nake, na rufe shi. Samira tana so ta sauke allon, tana tsoron saukewa. Ya Allah, na ce, Ka sa ya ce ta karanta. Ka sa ya ce ta miƙo shi gaba.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Beri gud, Samira."

Yara suka fara waiwayawa ɗaya bayan ɗaya. Samira ta kifa allon a kan fuskarta ta fashe da kuka.

Madam ba ta ɗaga murya ba. Da Hausa ma ta yi maganar, a hankali. "Mushe, karanta mani abin da ta rubuta."

Ya laluba tebur ya ajiye sandar. Ya ce, "Madam, ba na ganinsa. Ita kanta yarinyar ba na ganin fuskarta. Daga layi na uku zuwa baya, hazo ne kawai." Ya juya wajen kukan ya ce, "Yi shiru, Samira. Ba ke ba ce."

Da aka tashi na tare Madam a gindin bishiyar bedi, raina a ɓace, zanena duk ƙaiƙayin kara. Na ce, "Ranki ya daɗe, ni ce matarsa. Kin ji yadda yaran nan ke zuba Ingilishi? Wa ya koya masu? Don allo guda za ki kashe mana gida?"

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Baiwar Allah, darasinsa ya yi kyau, kuma zan rubuta haka. Abin da na gani a ƙarshe ma zan rubuta, don na gani. Ba zai koma aji ba sai likitan ido ya duba shi. Maganar kwantaragi ba a hannuna take ba, ba zan yi maki ƙarya ba." Ta shiga mota ta tafi.

Muka kamo hanyar gida, ni da tire a ka, shi a gefena. Kifin ma rabinsa ya dawo. Ina ta lissafin abin da zan faɗa mashi, in ce ai na gaya maka, in ce da ka ji maganata. Na tara su da yawa.

Muna shiga tsakar gida ya ce, "Kulu, ajiye tiren. Zo nan cikin rana."

Na ce, "Malam, wace rana kuma? Wadda na sha bai isa ba?"

"Zo dai."

Na je. Ya kama fuskata da hannu biyu, ya matso har ina jin numfashinsa. Ya bi goshina da ido, ya bi hancina, a hankali, yadda ya ce ana yi. Kunya ta kama ni, na ce yara fa sun kusa dawowa. Sai yatsansa ya tsaya a kumatuna na hagu.

"Wannan tabon fa? Yaushe kika same shi?"

Na ce, "Haba Malam. Man kifi ne da ya fallatso mani, azumin bara waccan. Ba kai ka shafa mani magani ba? Da ya warke na tambaye ka ko ya bar shaida, ka dube ni ka ce babu komai, beri gud."

Ni duk tsawon lokacin nan na ɗauka lallashina ya yi don kada in damu. Maganganun da na tara a hanya suka watse, na ji hawaye na bin yatsunsa.

Ya ce, "Babba ne, Kulu. Ya yi maki zafi?"

Na ce, "Ya yi."

Ya saki fuskata ya tsaya yana kallon wajen ƙofa. Ya ce, "Gobe motar farko ta Maraɗi. Ki riƙe mani hannu in za mu tsallaka titi."