Sunan Badriya a Ƙarƙashin Fenti

Dakil, wanda mutanen garin Samawa suka fi sani da Abu Wisam, ya shekara talatin yana gyaran ƙofofi da tagogin makarantu kafin ya ajiye aiki. Da ya zauna a gida sai hannunsa ya ƙi zama. Ya yi wa tantabarunsa bene mai hawa uku, ya yi wata kujera da ake buɗewa ta koma tsani, wadda har yau ba wanda ya yarda ya hau. Daga nan ya ƙera ɗakin katako a kan tayoyi biyu, wanda a-kori-kurarsa za ta riƙa ja. A ciki akwai gado biyu, da taga ɗaya, da lungun ajiye risho da butar shayi.

Saboda Falih ya yi shi. Falih, Abu Sabah, katanga ɗaya ce ta raba gidajensu shekara arba'in. Tun da matarsa Hajiya Badriya ta rasu, shekara guda da rabi ke nan, mutumin ya zama daga gida sai masallaci sai gidan shayi, can ɗin ma ya zauna ya yi ta juya cokali a kofi. Niyyar Dakil ita ce, idan ruwan sama na lokacin sanyi ya sauka da tsawa, kam'a, wato wani abin ci mai kama da dankali da ke fita a hamada, ta kumbura a ƙarƙashin ƙasa, ya ɗauke shi su tafi hamada mako biyu suna tononta kamar yadda suke yi suna samari.

Matsalar ɗakin ita ce ruwa. Katakon irin mai falle-falle ne, idan ya sha ruwa sau biyu sai ya kumbura ya buɗe kamar littafin da ya faɗa kogi. Dakil ya san maganinsa: a tsinka gam da ruwa a shafe katakon, a shimfiɗa yadi, a bi shi da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe har iska ta fita, in ya bushe a shayar da shi fenti mai ruwa-ruwa, sannan mai kauri. Yadin ya zama fata. Amma da ya gwada da sabon yadin kasuwa sai fentin ya zauna a sama ya ƙi shiga, washegari ya ɓare shi kamar ɓawon albasa. Tsohuwar auduga ake so, wadda rana ta gasa, ruwa ya doka, ƙishirwa ta kama ta.

Irin wannan audugar kuwa tana jikin kowace katanga a garin. Baƙaƙen ƙyallayen sanarwar rasuwa, masu rubutu fari da rawaya, waɗanda ba mai sauke su sai masu mamacin ko iska. Dakil ya fara tsintar waɗanda suka faɗo a unguwanni masu nisa, na mutanen da bai sani ba. Kowanne ya samu, sai ya sa almakashi ya yanke layin sama mai ɗauke da aya da sunan Allah, ya ninke ya ajiye a gwangwanin alewa a saman kabad. Ragowar ya kifa shi, rubutun ya kalli katako, ya manne. Da haka ya rufe rufin da gefe biyu da baya. Saura bangon gaba.

Wata safiya ya fita sayen burodi sai ya tarar da ƙyallen Badriya yana reto a ƙusa ɗaya, jelarsa cikin ruwan kwata. Iskar daren ce ta tsinke shi. Ya cire shi da niyyar ya wanke ya miƙa wa mai shi, kuma ya wanke ɗin. Da ya nemi inda zai shanya, sai ya ɗora shi a bangon gaban ɗakin. Ƙyallen ya zauna daidai daga kusurwa zuwa kusurwa, kamar tela ne ya auna.

Ya daɗe a tsaye yana kallo. Ya ce wa kansa ai ya koɗe, ba ya karantuwa sosai. Ya ce ganinsa kullum a ƙofar gida shi ke hana Falih warkewa. Ya ce Badriya da kanta, da tana raye, za ta ce a yi amfani da shi, don ba ta yar da ko zaren buhu. Kafin la'asar ya yanke layin ayar ya sa a gwangwanin, ya kifa shi ya shafe da gam.

Da yamma a gidan shayi, Falih ya yi magana mafi tsawo da aka ji daga bakinsa tun ranar jana'iza. Ya ce Sabah ne ya sauke ƙyallen. Makonni uku da suka wuce ɗan nasa ya ce masa ƙyallen ya tsufa, mutane suna magana, lokaci ya yi da za a sauke. Ya hana shi, shi ne yanzu ya zo a ɓoye ya cire sunan uwarsa kamar mai cire tallar sabulu. Masu buga domino suka yi ta ba shi haƙuri. Dakil ya buɗe baki, Falih ya juyo ya kalle shi da jajayen idanu, sai ya ji kansa yana cewa wataƙila iska ce.

"Iska tana cire ƙusa ta tafi da ita?" in ji Falih.

Ƙusar tana cikin aljihun Dakil. Hannunsa ne ya saba, bai taɓa barin ƙusa mai kyau a bango ba.

Daga ranar Falih ya daina karɓar tiren abincin da matar Sabah ke aikowa. Ya kulle ƙofa ran Juma'a, jikoki suka ƙwanƙwasa suka gaji suka koma. Sabah, mai shagon gilashin ido a bakin gada, mutum mai furfura a gemu, ya zo har tsakar gidan Dakil ya tsaya kusa da ɗakin katakon, kafaɗarsa ta kusa taɓa bangon gaba. Ya rantse bai taɓa ƙyallen ba. Ya ce ya yi tayin a rubuta sabo, uban ya ce ba ya so, wancan ne Badriya ta fita ta ƙarƙashinsa.

"Baffa, kai yake jin maganarka. Ka gaya masa ba ni ba ne."

Dakil ya ce zai yi ƙoƙari, yana ta juya sanda a cikin gwangwanin fenti har Sabah ya tafi.

Dakil ya shafa farin fenti sau uku, baƙin ya ɓace tas. Ya kunna tiyo ya yi wa ɗakin wanka na rabin sa'a, ya shiga ya shafa kowace kusurwa, ko ɗigo babu. Bai taɓa yin aikin da ya yi kyau haka ba, kuma bai iya kiran kowa ya gani ba.

Ranar da ya ɗaura ɗakin a bayan mota don gwaji, hantsi ya bugi bangon gaba a karkace. Ya ɗaga ido ya dubi madubin tsakiya, sai ga rubutu. Inda mai rubutun ya bi da fentinsa tun farko, zaren ya riga ya ƙoshi, bai sha sabon ba, don haka wurin ya fito da ƙyalli a cikin farin. Idan mutum ya tsaya a gabansa, wasu ƙugiyoyi kawai zai gani a juye, kamar sawun tsutsa a laka. Amma madubi ya mayar da su daidai. Dakil ya karanta: Hajiya Badriya, matar Falih, mahaifiyar Sabah.

Ya ƙara fenti sau biyu. Ƙyallin ya ƙaru. Ya goge da takardar yashi, ya sake shafawa, sunan ya dawo da ya bushe. Matarsa Ummu Wisam ta leƙo ta tambaye shi ko bangon nan amarya ce da ake ta yi mata kwalliya. A ƙarshe ya kwance madubin motar ya tura shi ƙarƙashin kujera.

An yi tsawa kwana uku a jere, labari ya zo cewa ƙasa ta fara tsagewa a wajen garin Salman, alamar kam'a ta kumbura. Falih ya yarda da tafiyar, ba don kam'a ba, don ya bar garin. Ya fito da jakarsa da carbinsa, ya zagaya ɗakin sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya ce Allah ya sa wannan ba kujerar tsani ba ce. Da ya shiga mota ya lura da gurbin madubin.

"Tsufa ya kai ka har ba ka son ganin fuskarka, Abu Wisam?"

Dakil ya ce karyewa ya yi.

Sun yi tafiyar sa'a guda, gidaje suka ƙare, dabino ya ƙare, sai fili da ɗan kore-kore a kwari. Falih ya ɓare lemo ya ba shi rabi. Ya ɗan saki jiki, har ya tuna shekarar da suka tono wata kam'a mai girman kan jariri, Badriya ta hana a sayar, ta dafa da shinkafa ta raba wa layin duka. Sannan ya ce bai yi sallama da Sabah ba. Ya ce shekarunsu sun yi nisa, hamada kuma ba ta da asibiti, saboda haka yana da wasiyya.

"Idan na mutu a can, kada ka bar shi ya yi mini wanka. Kai za ka yi."

Dakil ya taka birki a hankali ya sauka daga kwalta. Ya kashe mota. Ya sunkuya ya jawo madubin daga ƙarƙashin kujera, lafiyarsa ƙalau, ya ce Falih ya sauko. Ya tsayar da shi a tsakanin motar da ɗakin, ya sa shi ya ba bangon baya, ya ɗora masa madubin a hannu ya gyara karkatarsa.

Falih ba ya karatu da sauri. Leɓɓansa suka yi ta motsi. Da ya kai ƙarshe ya koma farko.

Dakil ya faɗi komai yana kallon takalmansa: safiyar burodi, da ruwan kwata, da wankin, da yadda ƙyallen ya zauna daidai. Ya faɗi inda ayar take. Ya faɗi zuwan Sabah da abin da ya roƙe shi. Ya so ya ƙara da cewa don alheri ya yi, amma ya ji maganar ba ta da ƙafar tsayawa, ya haɗiye ta.

"Kwana nawa ke nan?" in ji Falih.

"Arba'in da ɗaya."

"Kana ƙirgawa ashe."

Da suka shiga mota Falih ya ce a juya. Har suka iso gari madubin yana kan cinyarsa a kife.

A ƙofar shagon gilashin ido ya sa Dakil ya maimaita labarin a gaban Sabah, da wata tsohuwa da ta zo a gyara mata ƙafar tabarau, wadda ta ƙi fita. Sabah ya saurara bai katse shi ba. Da aka gama bai dubi Dakil ba, ubansa ya duba. Falih kuwa ya kafa ido a kan allon haruffan gwajin ido da ke bango, kunnuwansa sun yi ja, ya kasa juyowa. Sabah ya jawo kujera ya ce, "Zauna, Baba." Ya zauna. Sannan Falih ya ce wa Dakil yana son kayansa kafin magariba.

Ƙyallen ba ya ɓaruwa. Dakil ya gwada da wuƙa a kusurwa, auduga da gam da fenti da katako sun zama abu ɗaya. Sai ya ɗauko zarto ya bi gefen bangon, ya yanke shi gaba ɗaya. Ɗakin ya tsaya a tsakar gida da baki buɗe, ana hango gadajen biyu daga ƙofar waje. Ummu Wisam, wadda labari ya riga ya iso mata ta bakin tsohuwar nan, ta sauko da gwangwanin alewa ta zazzage, suka yi ta buɗe yankakkun ayoyi ɗaya bayan ɗaya har suka sami wanda bakin yankansa ya dace. Ragowar, guda tara, ta tambaye shi na su wane ne. Ya ce bai sani ba. Ta mayar da su ta rufe.

Dakil ya ɗauki allon bangon a ka zuwa ƙofar maƙwabcinsa, taku goma sha biyu, mutanen layi suna zaune a ƙofofinsu. Sabah ne ya buɗe. Ya karɓi yankin ayar ya sa a aljihun ƙirji, ya kama gefe ɗaya na allon. Allon ya fi ƙofar faɗi, sai da suka karkata shi, suka ɗaga, suka sauke, fentin yana gogar bango. Daga cikin gida muryar Falih ta ce a yi hankali da kusurwar, bai kira sunan kowa ba.

Da allon ya shige, Sabah ya ce zai iya shi kaɗai daga nan. Dakil ya saki nasa gefen, ya ja da baya zuwa titi, ya tsaya yana goge hannuwansa a jikin riga. Ƙofar ba a rufe ta ba, ba a kuma ce ya shigo ba.