Jirgi na Uku a Bakin Ja

Hedimastan wata sakandare ne ya aiko mini har Kurfi a shekarar 1979, wai in zo Dutsin-Ma in gina wa ɗalibai irin taswirar lakar da na gina wa hafsoshi lokacin yaƙin basasa. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta matso, yana so yara su ga yadda ake shirya yaƙi ta teku. Na ce wa ɗan aiken ni magini ne, ba malamin tarihi ba. Ya ce Malam Gidiyon na ofishin ruwa ne ya ba da sunana. To, in dai Gidiyon ne, ba ni da ta cewa. Na ɗaura kwanon kwaɓa a bayan keke na kama hanya.

Ni Ilu, ɗan fari ne wurin Inno ta Barkiya. Da aka zo ɗaukar soja mu biyu muka tafi, ni da ƙanena Ɗan'auta, wanda ko gemu bai fara ba. Ranar tafiya Inno ta kama hannunsa ta sa a nawa. Ba ta faɗin sunana, saboda kunyar ɗan fari, sai ta ce, "Kai, ga amana nan." Ni kaɗai na dawo. Tun daga nan in na gaishe ta takan amsa, in na kai mata gero takan karɓa, amma ba ta sake kallon tsakiyar idona ba. Shekara goma sha biyu ina neman kallon nan, kuma ba abin da nake so a duniya kamarsa.

A Ikko ne wani samanja ya ji ni ɗan magina ne, ya kai ni wani ɗaki mai tsaro a bakin tashar jiragen ruwa. Abokan gaba sun riƙe wani gari na bakin teku, babu hanya gare shi sai ta ruwa, kuma an ce sai an ƙwato shi. Wani Manjo ya shimfiɗa mini hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, ya ce in mayar masa da su ƙasa a kan tebur. Kwana tara na yi ina yi. Gwangwanayen madara suka zama tankunan mai, tsinken tsintsiya ya zama daji, na jiƙa bular wanki na zuba a matsayin teku. Sau biyu ana sa ni in rushe bakin ruwan, don ni mutumin Kurfi ina na san akwai ruwan da yake cika ya janye sau biyu a rana? Mu gulbinmu in ya tafi sai baɗi.

Wuri biyu za a sauka. Ɗaya suka kafa masa jan ƙyalle, ɗaya fari. Kwalayen ashana su ne jirage: huɗu a Bakin Ja, goma sha shida a Bakin Fari. Ba na jin Turanci, shi ya sa ba su kore ni ba ranar da manya suka taru. Ina tsaye da bokitin laka na ga Manjo ya tura kwalaye huɗun nan gaba su kaɗai, ya nuna inda igwar abokan gaba take, sannan ya sa sandarsa ya share uku daga cikinsu suka faɗi ƙasa. Bayan nan ne ya turo sha shidan ta ɗaya gefen. Wannan ba ya bukatar tafinta. Mutanen Bakin Ja tsaba ce za a watsa wa kaji, don a kama su ta baya.

Ɗan'auta yana jirgi na uku a Bakin Ja.

Gidiyon kofur ne a lokacin, mutumin Kafanchan, shi ne akawun da yake buga jerin sunaye a tafireta. Kwano ɗaya muke ci da shi. Na ja shi bayan rumbun makamai na faɗa masa abin da idona ya gani, abin da in an ji na faɗa bindige ni za a yi. Ya ce jirgi mutum arba'in ne, ba ya raguwa, in an cire ɗaya sai an sa wani, kuma fiye da suna ɗaya ba zai taɓu ba Manjo bai lura ba. Ya ɗora hannu a kan Littafinsa ya ce sunan nan ɗaya na Ɗan'auta ne. Na yi sati uku ina jira. Ana gobe tashi ya ce mini, "An gama, Ilu. Kwantar da hankalinka."

Ni ina babban jirgi tare da hafsoshi da taswirata. Da rana ta ɗaga aka ce gari ya samu. Na bi mutanen Bakin Fari ɗaya bayan ɗaya ina neman ƙanena, ashe yana jirgi na uku, kuma daga jirgi na uku ba wanda ya taka ƙasa. Gidiyon ya rungume ni yana kuka, ya ce Manjo ne ya mayar da tsohuwar takarda da asuba. Na yarda. Abin da na kai wa Inno ke nan.

Bayan yaƙi da aka turo Gidiyon aiki Dutsin-Ma, ni na gina masa ɗaki biyu da kicin da hannuna. Na kai shi Barkiya na ce wa Inno ga wanda ya yi wa autanta ƙoƙari. Ta riƙe shi kamar ɗa. Ƙwan zabo na farkon damina nasa ne, matarsa Lai'atu kuma in ta haihu Inno ce mai aiko da daddawa da kanwa. Wani lokaci har kishi nake ji, sai in ce wa zuciyata ai ya cancanta.

To, kwana huɗu na yi a filin makaranta ina ginin taswirar, kuma ban mance ko lungu ɗaya ba. Ranar taro aka jera ɗalibai, tsofaffin sojoji muka zauna a benci da lambobinmu. Gidiyon yana gefena. Ana cikin haka wata tirela ta tsaya a bakin titi, wani ƙato mai tumbi ya sauko yana share zufa. Julius ne, ƙanin Lai'atu, direba a Jos. Ya kawo siminti garin, aka ce masa surukinsa yana makaranta. Ban taɓa ganinsa ba. Na lura Gidiyon ya miƙe da sauri zai tare shi, amma mutumin ya riga ya hango tebur.

"Kai! Wane ne ya yi wannan? Wallahi haka yake!" Ya ratsa yara ya sa yatsa a kan kwalin ashana na uku. "Ku duba nan, yara. Nan ne kabarina. Sunana yana cikin wannan jirgi."

"Julius, zo mu je gida ka sha ruwa," in ji Gidiyon.

"Bari in gaya musu, su san kai wane ne. Wannan surukina, lokacin yana neman yayata. Sati biyu kafin mu tashi ya cire ni ya kai ni Bakin Fari. Ya ce mutum ɗaya ne kawai zai iya, kuma akwai wani abokinsa da ya roƙe shi saboda ƙaninsa, amma naka sai naka. Yau 'ya'yana biyar, albarkacinsa!"

Yara suka yi tafi. Hedimasta ma ya yi tafi.  Sati biyu kafin tashi! Ashe duk kwanakin da nake zuwa ina tambayarsa yana cewa in ƙara haƙuri, ya riga ya kashe maganar. Na juya na kalle shi. Mutumin da yake da amsar kowace tambaya a ofis ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Ban yi magana a gaban yara ba, wannan kaɗai na gode wa Allah. Na ja shi bayan aji, kamar yadda na taɓa jansa bayan rumbun makamai.

"Manjo ya canza takarda, ko?"

"Ilu, ka ji ni."

"Mi zan ji? Ka rantse mani da Littahinka. Ka ce an gama. Da ka ce ba ka iyawa, da na tahi na faɗi gaban Manjo na ce a sa ni madadinshi. Ko sallama ban yi da yaron nan ba, Gidiyon. Na ce mashi sai mun haɗu a gari!"

"Lai'atu ta rubuto mini wasiƙa, ta ce in Julius bai dawo ba kada in dawo. Na rasa yadda zan yi. Kullum ina so in gaya maka."

"Kullum? Da nike ɗora maka jinka ina bisa kana miƙo mani ciyawa, bakinka ciwo yake yi?"

Ya kama hannuna, na fizge. Na so in mare shi, wallahi na so, amma na ga mari ya yi masa arha. Na ce masa akwai wadda ta fi ni haƙƙin jin wannan magana, kuma yau za ta ji. Ya ce, "Kada ka je Barkiya da zafin nan." Na ɗauka tsoro ne.

Ban koma ta kan kwanon kwaɓata ba. Na hau keke da rana tsaka, na wuce Kurfi ban tsaya gida ba, na bi hanyar daji. Kada in yi ƙarya, ba baƙin ciki kaɗai nake ji ba, har da wani daɗi-daɗi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yau Inno za ta san wa ya ci amana, ta san shekara tara tana ciyar da maciji tana juya wa ɗanta baya. Har na shirya yadda zan ce mata ba komai in ta nemi in yafe.

Na same ta da la'asar a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, ban jira ta gama amsawa ba na zazzage mata komai, tun daga jan ƙyalle har tafin yara. Hannunta bai tsaya ba. Ta ɓare, ta jefa a ƙwarya, ta ɗauki wata.

"Inno, kin ji ni kuwa?"

"Na ji. Yaron Jos ɗin ne ya zo?"

Ban ambaci Jos ba.

"Kin sani?"

"Shekara tara ke nan. Damanar da ka kawo shi, bayan sati guda ya dawo shi kaɗai. Nan inda kake ya durƙusa, ya ce, Inno, ni ne. Ya yi kuka har ya ba ni tausai. Na ce ya tashi, na yahe mashi, amma kada ya hwaɗa maka, don na san zuciyarka."

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Shekara tara su biyu suna kallona ina kai ƙwan zabo daga wannan gida zuwa wancan. Abokina ya yaudare ni, uwata ta taya shi rufewa. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan.

"Shi kin yahe mashi! Ni mi na yi maki? Ni da ban san komi ba?"

Sai ta ajiye ƙwaryar. Ta ɗago ta kalle ni, ido cikin ido, kallon da na yi shekara goma sha biyu ina roƙon Allah ya nuna mini.

"Ba ka san komi ba? Shi ya hwaɗa mani kai ka gina wurin da hannunka. Kai ba ka taɓa hwaɗa mani ba. Sati ukku ka san inda za a kashe shi. Yanzu kana cewa da ka shiga madadinshi. A sati ukkun nan wa ya riƙe ka? Hannunka na sa nashi, ba na akawu ba."

Na buɗe baki in ce ai an yi mini alkawari ne, amma ba ta jira ba. Ta jawo ƙwaryarta ta ci gaba da ɓara.